Harisu da Duwatsun Kamaru

Harisu mai gyaran keke ne a bakin tashar Matameye. Tun yana saurayi babu mai kama shi a kan kwalta, shi ya sa aka ɗauke shi zuwa tseren keke a yammacin Kamaru.

Can ya ga hanyar da bai taɓa ganin irinta ba. Ta naɗe dutse kamar rawani, ga ruwan sama, ga gonakin ayaba can ƙasa. Kekensa kuwa na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Da cinyoyinsa suka ƙi, sai ya sauka ya tura shi har ƙarshe, don ya rantse ba zai shiga motar kwasar waɗanda suka gaza ba. Shi ya zo na baya.

Da ya dawo, 'yan teburin shayi suka laƙaba masa Mai-Turi. Wata safiya Alhaji Sallau mai kanti ya ce, "Harisu, ashe turin keke ya kai ka Kamaru?"

Harisu ya yi jifa da tayar da ke hannunsa. "Alhaji, ku da ko masallaci sai a kan moto, ku ne za ku yi mini dariya? Kun taɓa ganin hanyar da ke shiga cikin gajimare?"

Har yau haushin bai sake shi ba. Kowace safiya yakan ɗaure buhun yashi a bayan keke don ya saba da nauyin hawan dutse, ya bi rairayin hanyar Dungu yana cije haƙora. Ba a sake kiransa tsere ba, shi ma bai sake zama a teburin shayin ba.