Kukar Kaka a Jambutu

A ƙarshen daminar 2014, ina aji huɗu a firamare, na dawo daga makaranta na tarar da wata tsohuwa zaune a tsakar gidanmu a unguwar Jambutu cikin Jimeta, ƙafafunta a kumbure, ta rungume ƙwallon kuka kamar jariri. Kaka ce, mahaifiyar babana, ta tsero da ƙyar daga ƙauyensu na wajen Bama. Awaki da hatsi duk ta baro su, amma ta ɗauko kuka. Ni da na san kuka ba ta da wuya a Jimeta, saura kaɗan dariya ta kuɓuce mini.

Ashe a wurinta kuka ba ɗaya ba ce. Duk miyar da Dada, mahaifiyata, ta kaɗa, sai Kaka ta lasa ta ture kwanon, wai ganyen kukar Yola gashi gare shi da ɗaci-ɗaci, nasu kuwa sumul yake, ko ɗanye ana ci. Dada 'yar unguwar Adarawo ce, 'yar Yola gaba da baya, maganar ta riƙa ƙona mata rai. Amma da muka ga Kaka tana ramewa har zane ya yi mata yawa, fushin ya koma tsoro.

Da damina ta zagayo aka fasa ƙwallon. Mu yara muka tsotse garin, ita ta jiƙa ƙwayoyin a ruwan zafi, ta shuka su a wani kwari bayan madafa, don a garinsu inda ruwa ke kwanciya nan ake nema. Ba ta san Jambutu ba. Ruwan Agusta ya kwana a kwarin, tsirran nata suka yi rawaya suka ruɓe, alhali kukokin gari da suka fito da kansu a bola suna tsaye cikin taɓo ko a jikinsu. Ranar na fara ganin hawayen Kaka, kuma na ji tausayinta ƙwarai.

Dada ce ta karɓi ƙwayoyin da suka rage, ta shuka a kan tsohuwar jiɓar gara a kusurwar gida. Ni aka ɗora wa korar awaki, kullum sai na zagaya ta kafin in tafi 'yar gala-gala. Ɗaya ta rayu. Da ta yi ganye aka shanya, aka daka, Dada ta kaɗa miya. Kaka ta lasa, sannan ta ce, "Ta sha ruwan Binuwai, ta ɗan canja. To ni ma ai haka." Ta cinye tuwonta tas, ta ce a ƙaro.

Yanzu kukar ta wuce katanga, Kaka kuwa a Jimeta aka binne ta, ba ta koma Bama ba. Ni garin kuka a leda nake saye a kasuwa, ban san bishiyarsa ba balle garin da ya fito. In na je gida, Dada kan tsinko ganye ɗaya ta miƙo mini, har yau sumul yake.