Idon Ruwan Kakanmu

A bayan gidanmu, tsakanin Kura da Bunkure, akwai wani ɗan kwari da ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa, rani da damina. Idon Malam muke ce masa, Malam ɗin kuwa kakana ne na wajen uba, mai makarantar allo. Labarin da muka tashi muka ji shi ne, lokacin da gwamnati ta shata filayen noman rani ta ja babban kanal, gonarsa ta faɗa wajen shatin, ba a ba ta ruwa ba. Bai kai ƙara ko'ina ba. Ya mayar da buzunsa can yana zama bayan la'asar. Bayan wasu shekaru ƙasar ta fara danshi, daga baya ruwa ya fito.

A kan wannan ruwan Baba ya yi lambu: gwaiba, ayaba, rake, albasa, alayyahu. Da shi aka ciyar da mu, da shi aka kai ni makaranta a Kano. Mutane kuma suna zuwa da galan su ɗiba don wanke rubutu ko wankan jariri, Baba bai taɓa karɓar ko sisi ba. Wani lokaci idon yakan ja baya, sai a ce ya yi fushi, a shiga binciken wanda ya yi zagi a bakinsa. Ba a taɓa rasa mai laifi ba, don gidanmu ba a rasa mai zagi. Cewa fushin nasa yana zuwa daidai da rufe kanal don a yashe shi, wannan babu wanda ya haɗa, har ni da nake taƙama na yi boko.

Kanal ɗin kansa ya tsufa. Simintinsa ya tsattsage, ciyawar kacalla ta toshe magudanan ruwa. Da rani ’yan sama, masu gona a farkon kanal, su sha su ƙoshi, ’yan ƙarshe su yi ta jiran ruwan da ba ya isowa, har a kai ga zare fartanya. Gwaggona, ƙanwar Baba, tana cikin ’yan ƙarshe, kuma ba ta taɓa zuwa gidanmu ta tafi ba ta tsine wa ’yan sama ba. Damina ita ma ta canja hali, a yi ta jiran ruwa shiru, in ya zo kuma ya zo gaba ɗaya. Wata shekara ya fasa gefen kanal ya kwanta a kan shinkafar mutane har ta ruɓe.

Bayan wannan ambaliyar ne aka fara maganar banki. An tara manoma a harabar makarantar firamare, wasu mutane masu fararen motoci suka yi bayani. Wani babban banki ne na raya ƙasashe zai ba gwamnati rance mai dogon zango, a gyara kanal, a buɗe magudanai, don in ruwa ya yi yawa ya sami hanyar wucewa, in ya yi kaɗan kada ya zube a banza. Suka yi ta nanata sauyin yanayi. Kuɗin ba ya zuwa hannun manomi, ɗan kwangila ake biya, shi ma sai an auna aikinsa. Baba ya ɗaga hannu ya tambayi a wace unguwa bankin yake a Kano. Aka ce ba shi da reshe, yana can ƙetare. Ya gyaɗa kai, amma a hanya ya ce min shi bai taɓa jin bankin da ba a bin layi ba.

Sharaɗin mai wuya shi ne a rufe ruwa rani guda, sannan kowa ya shiga ƙungiyar masu ban ruwa, a daina fasa gefen kanal ana sata. Mutane suka ƙi. Da yake Baba ne limamin unguwa, shi aka roƙa ya lallashe su. Ya karɓi aikin da zuciya ɗaya saboda ƙanwarsa. Juma'a bayan Juma'a yana faɗa musu cewa wanda ya huda kanal haƙƙin na ƙasa da shi ya ci, kuma Allah zai tambaye shi. Suka yarda, wasu don hujjarsa, wasu don kunyarsa.

Aka rufe ruwa, katafila ta shigo. Idon Malam ya ja baya kamar yadda ya saba, sannan ya ƙafe ƙaf, abin da bai taɓa yi ba. Aka ce zafin bana ne. Muka riƙa sayen ruwa wajen ’yan garuwa muna zuba wa gwaiba, don ta rayu zuwa lokacin da idon zai huce.

Yayana yana cikin leburorin da aka ɗauka. Wata rana da na zo hutu ya ja ni gefe ya ce, "Da muka ɓamɓare tsohon siminti, mun tarar da tsaga hannu yana shiga, daidai saitin lambu. Ƙasan wajen duk taɓo ne."

Na ce, "Ka faɗa wa Baba?"

"Kai ka faɗa masa, ai kai ne ɗan boko."

Ban faɗa ba. Dariya ce ta fara zo min, sai daga baya tausayi ya biyo.

Aka sako ruwa. Ya bi sabon siminti sumul har ƙarshe, Gwaggo ta aiko mana da kwandon tumatir, irin wanda ta daɗe ba ta gani a gonarta ba. Damina ta zo da ƙarfinta, magudanai suka kwashe, shinkafar kowa ta tsira. Idon ya ɗan taru da ruwan sama, ruwan sama na ɗaukewa ya bushe. Ayaba ce ta fara mutuwa, rake ya bi ta.

A nan Yaya ya kasa haƙuri. Ya sami Baba a zaure ya faɗa masa maganar tsagar, kansa a ƙasa. Sannan ya ce, "Baba, ba sai an fasa komai ba. Tiyo ɗaya za mu jefa ta saman gefen, mu binne shi ta ƙarƙashin hanya. Ruwan da muke sha tun zamanin Malam ne, ba sabo ba."

Baba ya dube shi. Sannan ya tambaya, "Tun zamanin Malam ruwan gwaggonku muke sha ke nan?"

Yaya ya ce ai ba da sani ba ne.

Baba ya ce, "Da ne ba a sani ba."

Ba a jefa tiyo ba. Yaya ya yi kwanaki ba ya cin abinci a gida, kuma ni har yau ban ga laifinsa ba, don shi ne mai iyali a kan lambun nan. Aka sare gwaibar da ta bushe aka yi itace, da damina aka shuka dawa a wurin.

Ina nan wata hantsi wata tsohuwa daga wajen Kadawa ta yi sallama da galan a hannu. Jikarta ce ta haihu, ta ce, kuma duk jikokinta da ruwan idon Malam aka yi musu wankan fari. Ta ji an ce ya yi fushi, ta zo ta ga ko ya huce. Na zaci Baba zai ce mata a ci gaba da addu'a, don amsar da yake ba kowa ke nan tun da aka rufe ruwa.

Ya karɓi galan ɗin ya jujjuya shi, ya mayar mata.

Ya ce, "Iya, ba fushi ya yi ba. Ruwan kanal ne, an toshe inda yake yoyo. Ai ta ƙofar gidanku yake wucewa, ki ɗiba a can."