Malam Surajo Mai Kyamara da Taken Gidan Mamuda

Duk mai wucewa ta layinmu a Talata Mafara da hantsi ya san abin da zai tarar. Malam Surajo na zaune a zaure, tabarau a kan hanci, tsofaffin kaset jibge a gabansa yana goge musu ƙura da tsumma. In an kawo wuta, sai ya zabura ya kunna kwamfuta, ya kwashe abin da ke cikin kaset kafin ya lalace. In babu, ya ɗaure kyamara a bayan babur ya nufi ƙauye. Ni maƙwabcinsa ne, kuma na daɗe ina yi masa tsiya: "Malam, 'yan'uwanka na can suna fim ɗin soyayya sun yi suna, kai kana bin tsofaffi masu ciwon gwiwa." Amsarsa ba ta sauyawa: "To wa ka bin su in ni ban bi su ba?"

Babu kamfani a bayansa, babu gwamnati. Da ɗaukar bidiyon biki ya fara tun yana saurayi, daga nan ya ɗora wa kansa tattara raye-rayen ƙasar nan. Ya ɗauki rawar manoma a wata gayya a garin Faru, kwance cikin kunyar gona, laka har gemu. A Morai, da yake ba zai shiga cikin gida ba, matarsa Taiba ya koya wa riƙon kyamara ta ɗauko luguden mata, bisa alkawarin namiji ba zai gani ba. Na roƙa har na gaji, wallahi ko ƙyas bai nuna mini ba. Kuma duk abin da ya ɗauka sai ya koma da majigi ya haska wa masu shi tukuna.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar gidan Mamuda a Bakura. Mahautan unguwarsu suna da wata al'ada: ranar naɗin Sarkin Fawa, masu kalangu kan kaɗa taken kowane gida, wani ɗan gidan ya fito ya amsa da rawar gidansu. In aka kaɗa ba wanda ya fito, makaɗa sun ajiye taken ke nan har abada. To ga naɗi ya matso, Baba Mamuda kuma, wanda shi kaɗai ya iya rawar, ɓarin jikinsa ya shanye. Ɗansa Murtala dillalin shanu ne, magidanci mai tumbi, wanda tun yana yaro yake ganin rawa zubar da girma ce.

Ina zaune a zauren Malam Surajo, Murtala ya yi sallama. Aka gaisa, aka tambayi gida da kasuwa da mai jiki, sannan ya sunkuyar da kai.

"Malam, Baba ya bar cin abinci. Cewa shikai da ranshi za a rufe sunan gidanmu. An ce kun ɗauke shi lokacin yana da ƙarfi."

"Na ɗauke shi," in ji Malam Surajo. "Amma kaset ba shi fita fili, Murtala. Kai za ka fita."

Da wani ne, ya miƙa masa faifai ya ce Allah ya ba da sa'a. Malam Surajo majigi ya ɗora a babur. Ya rataya farin zane a ɗakin tsohon, ya rage gudun hoton har ana ganin kowane taku. Murtala ya tsaya gaban zanen yana kwaikwayon mahaifinsa, gumi na zuba, matan gida na leƙe suna ƙyalƙyala dariya. Tsohon na kwance, baki a karkace, in ɗan ya kuskure sai ya doki tabarma da hannunsa mai lafiya. Akwai wurin da kaset ya cinye, daidai wani juyi. Nan fa Malam Surajo, mutumin da ko a bikinsa bai taka ba, ya tuɓe babbar riga ya yi juyin da kansa, don ya kalle shi har ya zauna masa a kai. Taiba ta ce kwana ya yi ana gasa masa baya. Haka ya yi ta zirga-zirga tsakanin Mafara da Bakura har ranar ta zo.

Na je naɗin. An fito da Baba Mamuda a kan kujera. Gida-gida aka bi, har kalangu ya faɗa taken gidansu. Murtala ya dubi taron, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Makaɗi ya sake maimaitawa, ya fara waiwayen gida na gaba. Sai Malam Surajo ya sauke kyamara daga ido ya daka tsawa: "Murtala! Tsohonka na kallo!" Murtala ya yar da hula ya faɗa fili. Ba zan yi ƙarya ba, bai kai uban ba, har tuntuɓe ya yi a juyin nan. Amma ya kai ƙarshe, mahauta suka kaure da ihu. Tsohon na hawaye, ya jawo hannun ɗansa, da ƙyar ya haɗa kalma biyu: "Mun amsa."

Malam Surajo, kai ne rumbun da ba ya hana iri. Kai ne ka sha rana da tsiyar irina ba ka fasa ba. Yanzu da ido ya fara gajiya, na ga kana bin gidaje kana mayar wa kowa da nasa bidiyon. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri, kai da Taiba.

Ku kuma samari, kowa da waya mai kyamara a aljihu, kuna ɗaukar fuskokinku safe da yamma. Haba! Ku juya ta wajen kakanninku tun suna iya tashi tsaye. Baba Mamuda ya rasu da daminar da ta wuce, Allah ya jiƙansa. Ya tafi ya bar takensa ana kaɗawa, kuma akwai mai fitowa.