Yatsan Baffa Sau-Uku

Duk wanda ya san Baffana Garba a zangon Salaga ya san ba ya yarda da magana sai ya ji ta sau uku, daga baki uku. Shi ya sa sunansa na yanka ya ɓace, aka bar shi da Sau-Uku. "Ta farko iska ce," in ji shi, "ta biyu jita-jita, ta uku ita ce magana." Kun tuna ranar da rumfar goronsa ta kama wuta? Mutum biyu suka sheƙo a guje suka faɗa masa, yana ƙofar masallaci yana yankan farce. Ya ɗaga kai ya ce, "Saura ɗaya." Sai da hayaƙi ya iso ya shaƙe shi, ya yi tari, ya ce, "To, ga na ukun ya zo da kansa," sannan ya nemi takalmansa.

Ni ce Memuna, 'yar ƙanensa marigayi, wadda ya riƙa tun ban yi wayo ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Daga makaranta nake wannan rubutu, yau kwana ashirin da rasuwarsa. Shi ya kai ni makarantar 'yan mata a Kurmi, lokacin da zango gaba ɗaya ke ce masa kada. Wannan ce kaɗai maganar da ya ji sau ɗari bai yarda ba.

Da za mu zo hutun nan, Baturiyar da ke shugabantar makarantarmu, wadda muke kira Misisi, ta ba kowace 'yar ajin ƙarshe takarda biyu iri ɗaya. A ciki aka jera darussan da za ki zauna jarrabawarsu. Ɗaya ta gida ce, ɗaya kuma waliyyi ya dangwala yatsa ki dawo da ita ranar komawa. Wadda ba ta dawo da ita ba, ba a aika sunanta, ba jarrabawa, ba satifiket. Ni kuwa ba satifiket, ba karatun unguwarzoma, shekarun da na yi can sun tafi a banza.

Na ba Baffa takardun, ya tafi da su wurin akawun kantin gishiri, wanda Salaga ke kira Karaci. Da na biyo baya na tarar ana karantawa, mutane sun kewaye.

"Labarin ƙasa," in ji Karaci.

Baffa ya ce, "Tsaya! Bature zai koya wa jikar fatake labarin ƙasa? Ya taɓa taka Salaga zuwa Kano da ƙafarsa?"

"Girki da ɗinki."

"Girki! Mutanen da ke dafa ganye su sha ruwan su zubar da ganyen?"

Karaci ya ce akwai sharaɗi: ko yarinya ta ci sauran darussan duka, in ta faɗi Turanci ta faɗi gaba ɗaya. Na ce a raina yau za a yi ta. Sai Baffa ya gyara zama ya ce, "Wannan kam sun yi hankali. Jakin gaba in ya gurgunce, ayari duka nan yake kwana."

Na ce, "To Baffa, a dangwala."

"Uwata, wannan ta farko ce."

Da yamma na ga takarda ɗaya ce a hannunsa. Na tambayi ɗayar. Ya ce, "Na naɗe taba da ita. Takarda mai kyau haka, a bar ta zaman banza?" Kun san Baffa da tattali: mutumin da ke raba goro ɗaya gida takwas ya ce wa baƙi kada su cika ci. Na shiga ɗaki na yi kuka na.

Kwana biyu bayan nan ya ce in shirya, zai kai goro Bawku, za a yi ta biyu a Yendi. Saura kwana tara a koma makaranta. Muka hau lori. A Yendi ya nemo malamin asibiti, wani Badagombe mai tabarau, ya tara 'yan kasuwa, sannan ya kwance huhun goro. Jama'a, a cikin huhun ya sa takardar! Tsakanin ganye, tare da goro, kuma duk safiya yana yayyafa mata ruwa kamar yadda yake yi wa hajarsa. Tawadar da Misisi ta rubuta sunana da darussana ta fara bin takarda kamar kwalli a idon mai kuka.

Na ce, "Innalillahi! Baffa, ka jiƙa ta!"

"Abu mai daraja ba a barinsa ya bushe."

"Ba goro ba ce!"

"Ta fi goro. Shi ya sa na ƙara mata ruwa."

Malamin asibitin ya karanta abin da ya iya, yana dariya har tabarau na zamewa. Baffa kuwa duk layin da aka karanta sai ya juya ga mutane ya ce, "Kun ji ko? Lissafi. Ita za ta yi."

A Bawku abin ya ƙare lalacewa. A kasuwar shanu ya samo wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da ɗan Turancinsa. Takardar ta zama kamar ganyen da aka dafa. Sojan ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Baba, nan kam ba komai." Sai Baffa ya karɓe, ya riƙe ta a kife, ya zuba darussan nan duka da ka, ɗaya bayan ɗaya, har da sharaɗin Turanci. Dillalan shanu suka yi ta kabbara. Na ce ko a jiƙe ne a dangwala, in je in roƙi Misisi.

"A'a. Wannan ni na karanta. Mutum ba ya zama shaidar kansa. Mu koma Salaga a nemi na uku."

Daga nan ban ƙara yi masa magana ba. Mun kwana Yendi ban ce masa uffan ba. Da safe muka hau lorin Salaga, ya miƙo mini ɓarin goro, na kau da kai. Da rana ta ɗaga sai na ji kansa ya sauka a kafaɗata ta hagu. Na ce barci ne. Na samu bakin magana, na yi ta faɗa ƙasa-ƙasa: ka kashe mini karatu, ka mai da ni abin kallo a gari uku, da ubana na da rai da ba haka ba. Duk na faɗa. Bai amsa ba, na ce ai kunya ce ta kama shi.

A Bimbila direba ya tsaya sallar azahar. Kowa ya sauka. Direban ya ce, "Baba, salla." Shiru. "Baba Sau-Uku!" Shiru. Ya hau ya taɓa shi ya sake kira, sai direban ya cire tasa hular ya dube ni. Ban san tun yaushe ba. Ban san ko ya ji abin da na faɗa ba. Har yau in na kwanta ta hagu sai in ji nauyin nan, in tashi zaune.

Da muka iso Salaga da la'asar, kafin a yi masa wanka, babban ɗansa Yaya Isufu ya ja ni gefe ya ce, "Memuna, kawo takardar. Yatsan yana nan, ba wanda zai sani." Na ce, "Yaya, gawa?" Ya ce taimakona yake. Na ce na yafe karatun, na ruga bayan ɗaki.

Can Inna Lariba, matar Baffa, ta same ni da hularsa a hannu, tsohuwar hular nan da ba ya cirewa ko wanzami ya roƙa sau biyu. Ta ce, "Duba abin da ke cikin shafin nan, ni ban san boko ba." Ta farke ɗinkin. Takardar da ya ce ya naɗe taba da ita ce, a bushe, ko lanƙwasar banza babu. A ƙasanta ga yatsa, ba ɗaya ba, uku a jere, ga sa hannun Karaci a matsayin shaida.

Karaci da ya zo jana'iza ya ce tun ranar farko aka yi, kafin in iso kantin, kafin ma a karanta kalma ɗaya. "Na ce masa ɗaya ta isa, ya ce ɗaya iska ce. Ya sa na rantse ba zan faɗa miki ba. Ya ce in kin sani ba za ki bi shi ba, shi kuwa so yake Yendi da Bawku su ga Uwarsa da idonsu, su ji da kunnensu abin da za ta zama."

Na iso makaranta ranar komawa. Misisi ta duba takardar ta ce, "Memuna, waliyyi uku gare ki?" Na buɗe baki in ce ɗaya ne, sai kuka ya riga ni. An aika sunana.

Baffa, ɓarin goron da na ƙi karɓa Inna ta same shi a aljihunka, yana wurina cikin ganye, ina yayyafa masa ruwa. Abin da na faɗa a lorin nan, sau ɗaya na faɗe shi, ka ɗauke shi iska.

Allah ya jiƙanka. Allah ya jiƙanka. Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka.