Yajin da ban yi ba

Shekarun baya, lokacin daji na da sauran lafiya, likita ya auna ni a nan Jibiya, ya kwance abin awon daga hannuna ya ce, "Hajiya, jininki ya hau. Magani kaɗai ba zai yi ba, sai kin riƙa tafiya a ƙasa kullum. In ba haka ba, ina jiye miki shanyewar ɓarin jiki." Ciwon da ya kwantar da gwaggona ke nan har Allah ya karɓi abinsa.

To ni kuwa, tafiyata mafi nisa ita ce daga madafa zuwa zaure. Ko biki ake, in aka ga ƙafata a gidan, to amaryar ta jikina ce ƙwarai. Labarin gari ma har gida ake kawo mini shi, in dafa shayi in saurara.

Ɗiyata da ta zo hutu daga makaranta ita ta ɗauki abin da zafi. Ta nuna mini wani bidiyo a wayarta: wani tsibiri can tsakiyar teku, an shimfiɗa hanyoyin katako a bakin ruwa, ga farin rairayi, ga tsuntsaye ba mai harbinsu. Tsofaffin Turawa na ta tafiya a hankali, hannu na dukan cinya.

Na ce, "Ina za su?"

Ta ce, "Ba ko'ina, Inna. Tafiyar ce kawai."

Na ce, "Allah sarki. Ba su da dangi ne?"

Ta yi ta dariya. Amma da na kwanta sai na tuna ai mu ma muna da namu. In rani ya yi, gulbi kan janye ya bar rairayi fetal, a tsakiya kuma akwai wani tudu mai itatuwan kanya da giginya, ruwa ya zagaye shi ɗan siriri. Can muke wanki da ƙuruciya. Hanyarsa ita ce hanyar boda, sai an kusa shingen bincike a ratse. Na faɗa wa maigidana ina son zuwa. Yana sauraren rediyo, ya ce "To." Irin "to" ɗin da ko cewa na yi zan sayar da gidan, ita zan samu.

Da safe bayan ya fita kasuwa, na zura takalmin kambas ɗin ɗiyata. Na ɗauki gorar ruwa, da fura, da zanen da zan shimfiɗa, na ƙulle su wuri ɗaya na aza a ka. Wayata na bar ta a caji. Ku dai hango ni: matar da ba ta fita, da ƙunshi a ka, da sassafe, ta miƙe hanyar Nijar. Mahaifiyata kuwa kowa ya san tana ƙauyenmu can tsallaken iyaka, ta wajen Maraɗi. Ni kaɗai ce ban ga abin da kowa ya gani ba.

Maƙwabciyata na fara cin karo da ita tana shara. Ta ce, "Yaya, ina zuwa haka?"

Na ce, "Ba ko'ina."

Ta jingine tsintsiya ta ce, "Haka duk muke cewa."

Ban kai bakin titi ba numfashi ya fara gagarata. Zufa na zuba, ido ya yi ja, ina share fuska da bakin hijabi. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ya ce, "Hajiya, hau in maida ki gida, ba sai kin biya ba. Zaman duniya ɗan haƙuri ne." Na ce masa likita ne ya sa ni. Ya girgiza kai ya ce, "Subhanallahi, har ta kai ga likita?" Wani ma'aikaci a shinge, wanda ya san maigidana, ya taso har da cire hula: "Madam, don Allah ki yi tunanin yara." Na rasa abin da yara suka yi. Na gaishe shi na ratse zuwa gulbi.

Wallahi wurin nan bai canza ba. Na tuɓe takalmi, rairayin da sanyinsa, ruwan iyakarsa idon sawu. Balbelu sun yi fari fat a kan kanya. Ba mai kirana, ba mai tambayar ina ludayi. Na shimfiɗa zane na sha fura, na ce ashe Turawan nan ba marayu ba ne, wayo ne da su. Daga nan barci ya ɗan sace ni.

Sai wajen azahar na dawo ina jan ƙafa. Tun daga nesa na hango takalma a ƙofar gidanmu kamar ana suna. A zaure ga liman, ga dattawan unguwa, ga yayana, ga mahaifiyata da aka ɗauko a mota tun daga can. Maigidana na tsakiya a durƙushe, mutumin da ake kawo wa ƙarar aure ya sasanta, yau shi ake tuhuma. Sun matsa masa sai ya faɗi abin da ya yi mini, shi kuma bawan Allah ya yi ta tono. Na iske shi yana cewa, "Sai kuma maganar tsire. Na ce mata na bar cin nama don in taya ta kiyaye dokar likita, alhali kullum ina ci a kasuwa."

Na ce, "Au, haka ne?"

Duk suka juyo. Mahaifiyata ta ce, "Ke, zamna. Mi ya yi maki?"

Na kwashe labari na faɗa, tun daga likita har balbelu. Ta dube ni, ta dubi kambas ɗin, ta ce, "Tahiya, ba ki zuwa ko'ina, ba wanda ya aike ki? Ɗiyar nan, gara ki ce yaji ne. Shi mun san maganinsa."

Liman ne ya raba gardama. Ya ce lafiya ba abin wasa ba ce, tafiya ba za a fasa ba, amma don a huta da bakin mutane, maigida ya riƙa raka ni. Maigidana ya buɗe baki zai kawo zancen kasuwa, yayana ya ce, "Mai tsire, kai ma tafiyar za ta yi maka amfani."

Tun daga ranar tare muke fita bayan asuba. Da hanyar gulbi ta daina biyuwa, sai muka koma zagaya gari. Jinina ya sauka, tumbinsa ma ya ragu, tsiren dai ban tabbatar ba. Abin da na gane shi ne, a garinmu ba ka isa ka yi tafiya kai kaɗai ba, sai an ɗora maka dalili. Da farko abin ya ba ni haushi. Yanzu kuwa in na tuna tsofaffin can na tsibiri, ba mai tare su ya ce su yi tunanin yara, sai in ji ba na son musanya.

Har yau in muka wuce masu shayi, ni a gaba shi a baya yana haki, sai wani ya ɗaga murya: "Malam, yau ma biko?"

Shi kuma ko juyawa ba ya yi. Sai ya ce, "Ina fa zan bar ta? Kullum sai ta tafi."