Malam Kuo da Katin Hoton da Kowa Ya Yar

Kullum ƙarfe bakwai Malam Kuo Te-sheng zai sha madarar waken suya a bakin layinsu a garin Hsinchu, ya hau bene, ya kunna tsofaffin kwamfutocinsa tara. Shekara goma sha tara ke nan shi kaɗai ke riƙe da direban wani tsohon katin hoton kwamfuta a tsarin Linux; direba a nan wato manhajar da ke sa allo ya nuna abu. Kamfanin da ya ƙera katin ya rufe tuni. Amma da shi likitocinmu ke duba hoton ƙirji a ƙananan asibitoci shida na duwatsun Taitung, kuma ni ce mai kula da na'urorinsu.

Bara allon wani asibitinmu ya koma kore shar. Na aika masa saƙo da safe, kafin abincin rana gyara ya iso. Ban taɓa ganinsa ba.

Ƙa'idar Linux kuwa ba ta da tausayi: direban da ba mai kula da shi, goge shi ake yi. Da Malam ya sanar zai ajiye aiki ƙarshen wata, na hau jirgin ƙasa da kwalin kek ɗin abarba in je in roƙe shi kada ya ajiye.

Da na isa gidansa ya miƙo hannu mu gaisa, hannun ya wuce ta gefena.

"Hagunka, tsoho," in ji matarsa, Inna Siu-lan.

Wallahi, ashe mutumin da ke gyara mana hoto ba ya gani.

"Tun yaushe, Malam?"

Inna ce ta amsa. "Shekara shida. Yana rubutu, kwamfuta na karanta masa, ni ina kallon allo. In ce ja, in ce shuɗi, in ce yana rawa. Ni da na tsufa a sayar da taliya."

"Rabi ƙarya take yi," in ji Malam. "Sai ta ce ya yi, don ta je kallon wasanta na talabijin."

"Ji butulu."

Ya yi dariya, sannan ya gyara zama. "Yanzu ita ma yanar ido ta fara rufe mata gani. Watan jiya ta kira ruwan toka fari. 'Yata, huhun mutane ake dubawa, ba zan yi caca da shi ba."

Kunya ta rufe ni. Na fasa roƙon da na zo da shi.

Malam, kai ne ka haska wa likitoci allo alhali kana cikin duhu, ba ka taɓa faɗa ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Mun gode, Malam. Mun gode, Inna.

Jiya na rubuta sunana a madadin nasa a matsayin mai kula da direban. Ban iya rabin abin da ya iya ba, kuma tsoro nake ji. Ku masu aiko ƙorafi kan direban kullum, akwai fili a ƙarƙashin sunana, ku zo ku sa naku.