Giyabos ɗin Goggo Mai Ƙwai

An cire wa Goggo Mai Ƙwai giyar motarta ba da saninta ba, aka sa mata mai kuloci, ita da ƙafar hagunta ta shanye tun tana jaririya. Mota ta shiga gareji da feda biyu, birki da totur, ta fito da uku. Na ukun kuwa an dasa shi daidai inda ba ta da ƙafar taka shi.

Goggo da sandar dogarawa ta tashi, da sanda aka kai ta gidan miji. Sana'ar ƙwai ta fara a bakin ƙofa, kan ɗan teburi. Mijinta, direban babbar mota, shi ya samo wannan tsohuwar mota a hannun wani likita mai ritaya: doguwa, mai faɗi, ruwan toka, mai canja giya da kanta. Ya kai Goggo filin ƙwallo ya zaunar da ita a bayan sitiyari, ya ce, "Ƙafa ɗaya take nema, kuma kina da ita." Suka cire kujerar baya, kafinta ya buga katakai na jera kiret. Da mijin ya rasu, motar nan ta riƙe gidan. Kowace safiya gonar kaji, daga can gidan burodi, sai kantunan bakin titi. Ba ta fizga, ba ta zabura, ƙwai ya isa lafiya. A bayanta 'ya'ya suka yi makaranta, har babban ya samu aikin ofis, 'yan unguwa suna ce masa Akawu.

Bara motar ta fara ciwo. Sai ta daɗe tana kuka a giya ta biyu kafin ta shiga ta uku, in ta shiga kuma da duka, har kiret su yi ƙara. Farin hayaƙi ya fara fita ta salansa. Man giya yana raguwa, amma ko ɗigo babu a ƙasa inda take kwana. Goggo ta yi abin da ta saba gani ana yi: ta bari injin ya yi zafi yana aiki, ta zaro sandar gwajin mai, ta goga a farin tsumma, ta shinshina. Ja ne, bai yi baƙi ba, babu ƙaurin ƙuna. Ta yi zargin siririn tiyon da ya taso daga injin zuwa gefen giyabos, wato akwatin giya, ko ɗan gwangwanin da tiyon yake shiga, don ta taɓa ganin an canja shi hayaƙi ya ɗauke. Ba ta rantse ba. Zargi ne.

Tsohon bakaniken da ya san motar ido ya gagare shi, ɗansa Dogo ke riƙe da garejin. Goggo ta kai motar ta zayyana wa Dogo komai, yana jijjiga kai yana duba waya. Ranar kuma 'yarta ta haihu da wahala, aka yi mata aiki, Goggo ta tafi jinya ta bar makulli.

A garejin Dogo kuwa akwai ƙa'idar da ba ta canjawa. Tsohuwar otomatik in ta yi tari, ba a tambayarta me ke damunta. A sauke ta, a ɗora mai kuloci, a huta. Haka suke yi wa kowa, kuma har godiya ake musu.

Da Goggo ta dawo ta tarar an wanke mota, an goge gilashi. Ta jingina sanda, ta zauna, ta ɗauki ƙafar hagu da hannu biyu ta shigar da ita kamar kullum. Ƙafar ta bugi ƙarfe. Ta sunkuya ta leƙa.

"Dogo, zo nan. Mene ne wannan?"

"Kuloci ne, Goggo. Mun raba ki da wahala. Yanzu ko a ƙauye ta tsaya, kowane bakanike zai taɓa ta."

"Da wace ƙafa zan taka shi? Ko taka za ka ara mini?"

Dogo ya dubi ƙafar, ya dubi sandar, kamar yau ya fara ganinsu. Shi da ya girma yana ganinta tana dogarawa a tsakar garejin nan. Ya sosa ƙeya ya ce ai ya kira Akawu kafin ya kwance ko noti ɗaya, Akawu ya ce a yi duk abin da zai sa motar ta yi saurin shiga kasuwa.

"Kasuwa?"

"Haka dai ya ce, Goggo."

"Tiyon da na ce ka duba, ka duba?"

"Waɗannan tsofaffin ba a buɗe su. In sun mutu sun mutu."

"Kai ka yi mata wanka, ko labarin mutuwar ka ji?"

Wani mai faci a gefe ya tuntsire da dariya, ya haɗiye ta da Goggo ta waiwayo.

A can bayan gareji, ƙarƙashin inuwa, giyabos ɗinta ne a yashe cikin ƙasa, mai ya jiƙa gefensa. Mai sayen tsohon ƙarfe ya riga ya iso da kurarsa da sikelinsa, yana zagaya shi yana taɓawa da ƙafa. In ya ɗauke shi an gama, don irinsa ba ya kasuwa, wanda ya ƙera shi ma ƙila ya manta da shi. Goggo ta fito daga mota, ta dogara sanda har wurin, ta shimfiɗa gyalenta a kai, ta zauna daram.

"Baiwar Allah, ciniki muke," in ji mai ƙarfe.

"To ka auna har da ni."

Rana ta take, ba ta motsa ba. Aka kawo mata kujera, ta ce tana da wurin zama. Aka kawo ruwa, ta sha, ta miƙa kofin. Mai ƙarfe ya gaji ya ja kurarsa zuwa bakin ƙofa ya tsaya yana jira, wai ko tsohuwa za ta gaji. Dogo ya kira Akawu, ya iso da rigar ofis yana share gumi.

"Mama, don Allah ki tashi, mutane suna kallo."

"Su kalla. Kullum kallona suke."

"Hutu muke so ki yi. Shekarunki sun ja, titi ya lalace. Mu za mu ɗauki nauyinki."

"Sai ka zo ka faɗa mini a fuskata, in ce maka a'a a fuskarka. Ka bi ta bayan gida ka sa an datse mini ƙafa ta biyu, kana kiran abin hutu. In zauna a ɗaki ina jiran wanda zai kai ni asibiti, wanda zai kai ni gaisuwa, wanda zai ga dama? Na yi wannan zaman tun kafin a haife ka, na san ɗanɗanonsa."

Akawu ya sunkuyar da kai. Dogo ya fara cewa aikin mayarwa babba ne, an riga an huda ƙasan mota, an canja wayoyi, kuma ba shi da tabbacin giyar za ta tashi.

"Ni ma ba ni da tabbaci," in ji Goggo. "Wataƙila ta mutu ɗin. Amma a gabana za ta mutu, bayan an duba ta." Ta nuna shi da sanda. "Ka sallami mai sikelin can. Ka ɗauko sarƙa ka mayar da wannan inda ka ciro shi, ka toshe ramin da ka huda. Ka canja tiyo da gwangwanin, ka wanke matatar mai, ka zuba jan mai sabo, mu zagaya gari ina tuƙi kana gefe kana saurare. In kanka ya ɗaure, ka riƙo hannun babanka ka kawo shi, kunnensa bai makance ba. Kai kuma Akawu, ka kira gidan burodi ka faɗa musu da bakinka dalilin da ƙwai bai zo ba. Ku fara yanzu, ina zaune."